Hasken Ordinatar Kawu

Kawuna yana da rumfa a kasuwar Gangara, inda yake zuba wa mutane wa'azi da waƙoƙi a kart-memuwar, ɗan katin ajiya na salula. Da tsohuwar ordinata guda, wato kwamfuta, wadda aka tsallako da ita daga Katsina, yake ciyar da gidansa. Maɓallanta na ƙara haske da ragewa ba su taɓa aiki ba. Idan rana ta take, sai ya lulluɓe kansa da ordinatar cikin zanen matarsa don ya ga rubutu. Ƴan kasuwa suna kiransa amarya.

Da na zo hutu daga lise, makarantarmu ta sakandare, ana gobe kasuwa, ya miƙo mini ita.

"Ɗan lakol, raba ni da zanen ga."

Mushenmu, wato malaminmu, ya taɓa nuna mana yadda ake rubuta wa na'ura doka: kowane maɓalli da lambarsa, sai ka haɗa lambar da aikin da kake so. Na zauna a zaure. Ba na son garaje, don haka na rubuta dokar ragewa ita kaɗai, in gwada tukuna. Na danna Fn da maɓallin, na ɗaga yatsa. Hasken bai daina raguwa ba. Ina kallo fuskar ordinatar ta yi baƙi ƙirin.

Na kashe, na kunna. Fankarta na juyawa, ba a ganin komai. A waje ina jin Kawu yana shirya tafiyar safe da mai moto.

"Ta samu?" ya ɗaga murya.

"Saura kaɗan, Kawu."

Na rasa inda zan sa kaina, sai na jawo zanen nan na shige. A cikin duhunsa na haska fitilar salula a karkace, sai ga inuwar haruffa, dishi-dishi. Ba ta mutu ba. Ashe maɓallin yana faɗa mata an danna shi, amma ba ya faɗin an sake shi. Na ƙara alamar da ke sa ta saki da kanta, na rubuta dokar ƙarawa, na sake kunnawa. Na yi bismilla, na danna.

Haske ya cika zanen.

Daidai nan Kawu ya yaye shi, ya gan ni jiƙe da gumi.

"Ikon Allah! Yau ga wata amaryar!"

Ya karɓa, ya yi ta ƙarawa yana ragewa, yana dariya. Duk lokacin da yatsansa ya sauka a kan na ragewa, sai numfashina ya tsaya.