Milimita Biyu

Shekara ashirin da shida Kyaftin yana ɗaukar hoton masu shirin tafiya, shi kuwa ko ƙofar jirgi bai taɓa takawa ba. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin titi, tsakanin mai gyaran fanka da mai sayar da katifa. Akwai farin labule a bango, da kujera marar majingina, da fitilu biyu masu laima, sai tebur inda firinta da wuƙar yanka hoto suke. Ƙa'idar ofisoshin biza a kansa take. Wannan yana son kunnuwa a waje, wancan ba ya son tabarau, wani kuma sai ya ɗora rula ya auna. Abin alfaharinsa guda ne, kuma duk wanda ya hau kujerar nan sai ya ji shi: ba a taɓa dawo masa da hoto ba.

Sunan Kyaftin tun yana saurayi ya samo shi, lokacin da yake jan ƙungiyar ƙwallon unguwa, kafin gwiwa ta ci amanarsa. Ƙwallo ta bar ƙafarsa ta koma kansa. A aljihun teburinsa akwai wani littafi mai baƙin bango, inda duk bayan shekara huɗu yake tsara tafiyarsa zuwa gasar cin kofin duniya. Jirgin da zai hau, garin da zai sauka, wasan da zai fara gani, har ɓangaren filin da rana ba ta dukan ido, duk a rubuce. Gasa shida ya tsara, duka shidan a talabijin ɗin mai gyaran fanka ya kalle su.

To, sai ga Auta. Ƙaninsa ne uwa ɗaya uba ɗaya, mai sayar da tayar mota, mutumin da har yau bai san dalilin da ya sa mai tsaron gida yake sa riga daban ba. Kamfanin da yake saro taya a wurinsa ya zaɓi dillalan da suka fi ciniki, zai kai su kallon gasar. Ranar Litinin da hantsi ya shigo shagon yana washe baki.

"Yaya, ka ji abin dariya? Wai ni za a kai kallon ƙwallo. Wasa uku! Ni da minti goma ke isa ta barci."

Kyaftin bai ga abin dariya ba. Ya ce Allah ya sanya alheri, ya ci gaba da goge gilashin kyamarar da babu ƙura a kansa. Kada mu ɓoye masa, hassada ce ta kama shi. Da wani attajiri ne can nesa, da sauƙi. Amma Auta? Yaron da ya goya, wanda ya taɓa tsayarwa a raga ya gudu don tsoron ƙwallo?

A gida matarsa ta lura. "Baban yara, tun shekaranjiya kake cin abinci kamar magani. Ƙaninka ne fa zai tafi, ba wani ba."

"Na ce wani abu ne?"

"Da ka faɗa ma da ya fi."

Abin da ya ƙara ƙona masa rai, kullum Auta sai ya zo da tambaya. Wai nawa ne a kowane ɓangare? Wai ana barin mutum ya shiga da filo? Kyaftin yana amsawa a taƙaice, littafin nan kuwa yana kulle, bai ko ambace shi ba.

Ana jibi ranar zuwa ofishin biza Auta ya zo ɗaukar hoto. Kyaftin ya cire masa hula, ya gyara masa wuyan riga, ya ɗauka. Hoto ya fito tsaf. Wajen yanka ne Shaiɗan ya tsaya a bayansa. Ya san wannan ofishin sarai, su ne masu rula. Ya matsar da takardar ciki da milimita biyu, ya danna wuƙar. Ya gaya wa kansa wataƙila ma ba za su auna ba, in kuma sun auna, ai ɗan wahala ne kawai, mutum ya san tafiya ba wasa ba ce. Ya zuba a ambulan ya miƙa. Auta ko buɗewa bai yi ba, ya sa a aljihu.

Ranar Alhamis bayan azahar ya dawo, riga sharkaf da gumi, ido ja. Ya jefa ambulan kan tebur.

"Yaya, mutanen nan ba su da mutunci. Wai hotonka bai cika ba."

Kyaftin ya kalli ambulan ɗin, Auta ya ci gaba.

"Matar da ke taga ta ce in sauka ƙasa, akwai mai hoto a bakin ƙofa, minti biyar in dawo. Na ce mata Allah ya kiyaye. Na ce yayana ne ya ɗauka, shekara ashirin da shida ba a taɓa dawo masa da hoto ba, ta sake aunawa. Ta auna. Na ce to rularta ce ta gajarce, a kawo wata. Har mai gadi ya zo ya kama hannuna."

"Ka ƙi sauka?"

"In zauna gaban kyamarar wani, kana raye? Mutane su ji? Sun ba ni wata rana, nan da sati biyar. Wasa biyu sun wuce ke nan, in an dace in samu na ukun. Ba komai, ni dama me na sani a ciki. Abin da ya ɓata min rai sunanka da ta taɓa."

Kyaftin ya dubi aljihun teburinsa. Ya san wasannin biyu, ya san ranakunsu, da hannunsa ya rubuta su a littafin, cikin tsarinsa na gasar bana. Na farkon ma shi ne wanda ya ja wa layi biyu a ƙasa.

Ya kunna fitilu. "Hau kujera."

"A sake? Ai wancan ba shi da laifi."

"Hau, na ce."

Auta ya hau, ya cire hula da kansa. Kyaftin ya leƙa kyamara, ya ga fuskar ƙaninsa tana jiransa, sai hoton ya dushe masa. Ya goge gilashin, bai washe ba. Ya goge idonsa da bayan hannu.

Da ya zo yanka, ya ɗauko rula ya miƙa wa Auta. "Auna wannan, sannan ka auna na ambulan ɗin."

"Haba Yaya, ni zan auna aikinka?"

"Auna," in ji Kyaftin. "Rular matar nan lafiyarta ƙalau."