Jan Layi Biyu a Shagon Baba Ebenezer

Duk wanda ya taɓa shan gwate a layin kafintoci na Nasarawa ya san ni, Lizzy, ya kuma san bakina ba ya ajiye magana. Rumfata tana kallon shagon Baba Ebenezer, titi ne kawai ya raba mu. Don haka yawancin abin da zan faɗa a kansa ba ji na yi ba, a gabana aka yi shi.

Baba ya zo Kaduna daga wajen Kagoro yana saurayi, lokacin da masaƙun Kakuri ke aiki, ya riƙa yi wa ma'aikata gadaje da kujeru. Masaƙu suka rufe, shi yana nan da zartonsa. Mutum ne mai shegen son daidai. Idan ya je gidanka ya tarar teburinka yana rawa, ba zai ci abincinka ba sai ya gyara shi. Kuma in ya gama aiki, sai ya bi kusurwa huɗu yana dannawa da tafin hannu, yana sauraro kamar mai jiran katakon ya yi magana.

To, 'yan shekarun nan aikinsa ya fara karkacewa. Bencin da ya yi min kyauta, ƙafa ɗaya ba ta kai ƙasa ba. Na buɗe baki zan faɗa, matarsa Mama Eunice ta taka min ɗan yatsa, ta ninke kwalin sabulu ta cusa a ƙarƙashin ƙafar kafin ya juyo. A coci ma haka aka yi da sababbin bencinan da ya kawo, matan zumunta suka bi su da kwali. Na ce a gaya masa mana. Aka ce, “Lizzy, dattijo ne fa. Ke ce za ki ce masa bai iya sana'arsa ba?” Raina ya ɓaci, amma na yi shiru, abin da ba na yi.

Ana nan aka sa bikin autarsa Vicky, tela, a watan Disamba. Duk yayyenta mata Baba ne ya yi musu gadon aure da hannunsa, ya kuma faɗa a gaban dattawan coci cewa na Vicky sai ya fi na kowa, tunda shi ne na ƙarshe. Hankalin gidan ya tashi. Gado ba benci ba ne. Gidan miji zai je a Barnawa, dangin ango za su zauna a kai, kuma ba wanda zai bi shi da kwali.

Ɗansa Sam, wanda ke aiki a Abuja, ya kawo dabara. Ya sa Chigozie, mai sayar da kayan aiki a Kakuri, ya kawo wa Baba sabon injin yanka katako, irin wanda ke zaune kan tebur, ka sauke hannunsa ya yanke. Abin da ya bambanta shi kuwa wata 'yar fitila ce, lesa suke ce mata. Da ka kunna sai ta shimfiɗa siririn jan layi a kan katako, daidai inda haƙoran zarto za su bi. Ka ɗora jan layin a kan alamar fensir ɗinka, ka sauke, shi ke nan. Lissafin Sam shi ne injin zai gyara aikin ba tare da kowa ya ce komai ba.

Ranar da aka kawo shi, layin kafintoci ya cika. Chigozie ya kunna, ya ce, “Baba, ka gani? Ko makaho zai yanka daidai da wannan. Orijinal ne.”

Baba ya sunkuya, ya daɗe yana kallo. Sai ya ɗago ya ce, “To wanne zan bi?”

“Wanne kuma, Baba?”

“Layukan mana. Guda biyu ne. Na dama ko na hagu?”

Chigozie ya kalli Mama Eunice, Mama Eunice ta kalli ƙasa. Baba ya juya wajen Ben mai kushin, maƙwabcinsa, ya ce, “Ben, layi nawa kake gani?” Ben ya sosa ƙeya ya ce, “E to, Baba, kamar dai biyu-biyu ne.” Shi ke nan, kowa ya kama. Wani har da cewa shi ya hango na uku yana leƙowa. Ni ina can ina kwasar tuwo, sai daga baya labari ya same ni.

Chigozie, bawan Allah, ya ɗora injin a keke mai ƙafa uku ya mayar Kakuri, ya kawo wani. Wannan ma layi biyu. Ya fara gumi, yana rantsuwa da Hausa yana ƙarasawa da Turancin kasuwa, har shi ma ya soma shakkar idonsa. Aka ce ƙarfin janareta ne bai isa ba, aka aro babba. Aka ce rana ce ke raba hasken, aka rataye buhuna a ƙofar shago. Baba ya yanke shawara zai bi na dama, ya ɓata katako mai kyau. Washegari ya bi na hagu, ya ɓata wani. Ya gwada tsakiya, nan ma bai fita ba. Wata tsohuwa a zumunta ta ce ita dai ba ta yarda da jan haske ba, a kira fasto. Fasto ya zo ya yi addu'a a kan injin, da Baba ya tambaye shi layi nawa yake gani, sai ya ce ya bar tabaransa a gida.

Na ga mutumin nan yana ramewa. Ya daina ba'ar da yake min a kan gishirin miyata. Sai ya zauna a gaban injin yana kunna fitilar yana kashewa, katakon gadon Vicky yana jingine a bango yana raguwa. Tausayinsa ya kama ni, haushin mutane kuma ya fi tausayin yawa.

Wata rana da hantsi na kai masa gwate. Ya ce, “Lizzy, zo nan. Ke ba kya jin tsoron kowa. Layi nawa ne?”

Mama Eunice tana gefe, na ga ƙafarta ta taso, na janye tawa.

“Ɗaya ne, Baba. Tun ranar farko ɗaya ne.”

“Amma Ben ya ce…”

“Ben yana ganin girmanka ne. Rufe idonka na hagu ka duba.”

Ya rufe da tafin hannu. Ya ce ɗaya ne, amma dishi-dishi. Ya rufe na dama. Sai ya ce a hankali, “Biyu.” Ya sauke hannun ya zauna kan tarin katako. Gwaten nan har ya huce bai taɓa shi ba.

A asibitin ido aka ce yanar ido ce ta rufe masa idanu, na hagun ya fi tsanani. Likita ta ce irin wannan yanar takan raba haske mai ƙarfi gida biyu, shi ya sa jan layin ya tona abin da alamar fensir ta daɗe tana ɓoyewa. Ashe da farce yake laluben alamar, shi kansa bai lura ba. Ta ce aikin ba wuya, amma bayan an yi, ba shi ba ƙurar katako sai ido ya warke sarai. Ga biki ya matso. Baba ya ce a bari sai ya gama gado. Vicky ta ce, “Baba, da wane layin za ka gama shi?” Shi ke nan, aka yi masa aikin idon.

Da ya fara fitowa, da baƙin tabarau, rumfata ya zo ya zauna tunda an hana shi shiga shago. Yana ta kalle-kalle kamar baƙo. Can ya sunkuya, ya zaro kwalin nan daga ƙarƙashin bencina. Bencin ya yi ƙwaras. Ya juya kwalin a hannunsa, duk ya yi baƙi don daɗewa.

“Tun yaushe?”

“Tun ranar da ka kawo shi, Baba.”

“Na coci fa?”

“Su ma.”

“Dukanku kun sani?”

Na ce e. Ban taɓa ganin kunya a fuskar mutum irin ta ranar ba, har na ji da ma ƙasa ta tsage in shige. Ya sa kwalin a aljihun rigarsa, ya ce a kira masa Vicky.

Da ta zo ya ce, “Ke da kike bin alli da almakashi kullum, za ki iya bin jan layi?” Ta ce za ta gwada. Aka riƙa tsallako masa da katako rumfata, ya auna da tef, ya ja alama da fensir da hannunsa, yanzu yana ganinta tar. Sai a mayar shago, Vicky ta ɗaure ɗankwali tamau, ta ɗora jan layin a kan alamar, ta sauke zarto. Shi kuma yana wannan gefen titi yana ihu, “Janye yatsunki! Kar ki danna, bar shi ya ci da kansa!” Masu keke suna tsayawa kallon amarya tana yanka gadonta. Ben ya taya su haɗawa, ba ya iya haɗa ido da Baba. Ni dai cinikina ya ƙaru, don 'yan kallo ma suna jin yunwa.

Ranar kai kaya na bi su Barnawa. Aka kafa gado a ɗakin amarya, dangin ango suna ta yabo. Baba bai saurare su ba. Ya danna kusurwa ta farko, gadon bai motsa ba. Ya bi sauran, shiru. Mama Eunice ta ce, “Ka gani ko? Ya zauna daram.”

Ya dube ta, ya dube mu duka. Sai dattijon nan ya durƙusa da sabuwar shaddarsa a gaban surukai, ya kwantar da kumatu a kan siminti, ya bi ƙafafun gadon ɗaya bayan ɗaya yana leƙawa, yana shafa ƙarƙashinsu da yatsa. Bai samu kwali ba.

Ya zauna a ƙasan nan, ya cire tabarau ya share ido, ya ce, “Vicky, wannan kam na gani da kaina.”