Tsifa babu tsinke

Ranar da yarinyar ta shaƙe ni da hijabina, ba faɗa muke yi ba. Na sunkuya ne zan ɗauki kofin da ta yar, sai na ji an fizgi wuyana ta baya. Shekararta sha huɗu, ba ta ma kai ni tsawo ba, amma da ƙyar abokan aikina suka ɓamɓare yatsunta. Har yanzu idan wani ya tsaya a bayana a cikin tiram, jirgin ƙasan cikin gari, sai in matsa in jingina da ƙofa.

Ina aiki a sashen matasa na wani asibitin masu larurar ƙwaƙwalwa a wajen Croydon. Ni ba nas ba ce, sakandare na gama a Kano kafin yayata ta ɗauko ni zuwa nan ƙasar Turawa. Mu ne masu zama da yaran: mu tashe su, mu ci abinci tare, mu raka su aji, mu zauna kusa da wanda aka ce kada a ɗauke ido daga kansa. Bayan abin an ba ni hutu. Da na dawo aka daina haɗa ni da ita, ni kuwa ban tambayi dalili ba. Idan na hango ta a falo sai in tuna ina da aiki a ɗakin wanki.

Wata safiya babbar nas ɗinmu ta kira ni ofis. Ta ce yarinyar tun da aka kawo ta, watanni ke nan, kitson da kakarta ta yi mata ne a kanta. Kullum tana cikin hular riga, ba ta yarda kowa ya taɓa. Gashin ya cukurkuɗe ya dunƙule, fatar kan ta fara gyambo, kuma likita ya ce dole magani ya kai ga fatar. Idan ba a tsefe ba kafin ƙarshen mako, aski za a yi mata. Ranar Lahadi kuma kakar za ta zo, ita ce ta raine ta.

Na ce ai akwai waɗanda suka fi ni iya kitso a cikinmu. Ta ce duk sun gwada, ta kore su.

"Yarinyar ta ce ke take so. Kuma idan kin ce a'a, babu wanda zai ga laifinki."

Da na koma gida Abbey Wood na gaya wa yayata tana yanka albasa. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ki ce ba ki iya ba. Su yi mata ƙwal, gashi ai fitowa yake."

"Yaya, budurwa ce fa."

"Ke kuma wuyanki na aro ne?"

Na ce mata ni dai zan yi. Amma da safe na ga ta ajiye min gwangwanin man kaɗanyarta a kan jakata.

A sashenmu ba a shiga da tsinken tsifa, ba a shiga da mataji mai tsini, almakashi kuwa yana cikin durowa a kulle. Abin da aka ba ni mataji ne na roba mai manyan haƙora, da man, da ruwa a ɗan kofi. Faratana ma a yanke suke, dokar aiki ce. Muka shiga ɗakin hutawa bayan azahar. Nas ta zauna kusa da ƙofa. Ni na zauna a kujera, yarinyar ta zauna a ƙasa a kan matashi, ta juya min baya, ta zame hular da kanta. Ba ta gaishe ni ba, ni ma ban gaishe ta ba. Abin da kawai ya ɗan kwantar min da hankali shi ne, yau ni ce a bayanta.

An koya mana cewa kafin ka taɓa yaro sai ka faɗa masa. Haka na riƙa yi da Turanci: zan taɓa nan, zan ɗan ja, zan sa mai. Ina laluben bakin kitson da yatsa, in jiƙa, in shafa, in warware kaɗan-kaɗan. Kan yana wari, wani wurin ya manne kamar tabarma. Idona rabi a gashin, rabi a hannuwanta da ta ɗora a gwiwa.

Can aikin ya fara tafiya. Na samu wani layi da ya saki, na bi shi, na manta da sanarwa, na manta da inda nake. Ta ɗago kai tana kallon taga, ni kuwa kamar ƙanwata ce a tsakar gidanmu, na sa tafin hannu na danna ƙeyarta ƙasa, na ce da Hausa, "Ke dalla sunkuya, kai kamar dutse."

Sai da na faɗa na gane abin da na yi. Kafaɗunta suka sandare. Na ga hannun nas ya sauka a kan ƙararrawar neman agaji da ke ƙugunta. Ni ko motsi na kasa, hannuna yana nan a ƙeyarta, wuyana yana min zafi a daidai wurin.

Ashe tana jin Hausa. Danginta 'yan zangon Kumasi ne, a gida da Hausar ake mata magana, ita kuma ta mayar da Turanci. Da Turancin ta ce, ba ta juyo ba, "Kakata da bayan mataji take ƙwanƙwasa min kai." Sannan ta sunkuyar da kai sosai.

Na ci gaba. Can ta sake magana.

"Tsorona kike ji?"

"E."

"Hannunki yana rawa."

"Na sani. Ki daina motsi."

Ba ta ce in yi haƙuri ba, ban kuma jira ta ce ba. Ba a ranar muka gama ba, sai da muka yi ta komawa, kullum bayan azahar, kullum da nas a bakin ƙofa. Wani ƙulli a ƙasan ƙeya ya gagara, girmansa kamar dabino, shi nas ta yanke da izininta. Sauran duk ya tsira. Aka wanke, aka sa magani, na yi mata manyan kitso sako-sako zuwa baya don fatar ta sha iska. Da haƙorin matajin roba na yi tsagar.

Ranar Lahadi ina aiki. Kakar ta zo da sandarta da mayafi mai kauri, tsohuwa ƙarama mai kaifin ido. Na kai musu shayi ɗakin baƙi, na durƙusa na gaishe ta da Hausa, ta amsa tana mamaki. Yarinyar ta shigo ba hula. Tsohuwar ta kamo haɓarta, ta juya kan dama, ta juya hagu, ta bi layukan da ɗan yatsa har ƙeya.

"Wa ya yi wannan?"

Yarinyar ta nuna ni da baki.

"Ɗiyata, a ina kika koyi kitso? Tsagar nan duk ta karkace, kamar hanyar awaki."

"Hajiya, ba tsinke aka ba ni ba."

"Ko da tsinke." Ta ja jikarta ta zaunar kusa da ita, hannunta bai bar kan ba. "Amma dai gashin yana nan. Allah Ya yi miki albarka."

Na ce amin, na ɗauki faranti na fita. Da baya-baya na fita, fuskata tana kallonsu, har na ja ƙofa.