Kunnen Mijinyawa da Giginyoyin Inna

Duk wanda ya taɓa riƙe injin zarto tsakanin Karaye da Rogo ya san Mijinyawa. Ni dai da haushi na fara saninsa. Mutum ne da za ka kai masa aiki hankalinka a tashe, shi kuwa sai ya gama tambayar lafiyar gida da ta yara da ta dabbobi kafin ya dubi abin da ke hannunka.

Bafulatani ne daga wajen Fulatan, kuma kiwo ya gada. A shekarar tamanin da uku ciwon bushiya ya shiga garkensa, cikin mako uku ko maraƙi bai tsira ba. Ya jingine sanda ya shigo Karaye yana ɗan shekara arba'in, ya zauna wurin wani mai gyaran injin niƙa yana wanke ƙarafa. Mutane suka yi ta tsokanarsa, wai inji zai tatsa. Ba su san da kunnensa ya taho ba. Mutumin da ke gane saniyar da za ta kwanta ciwo tun daga numfashinta, kukan inji ba zai ba shi wuya ba. Kafin shekara biyar ya kafa rumfarsa a gefen kasuwa.

Ni sunana Halliru, yankan itace nake yi. Mu masu wannan sana'a muna da wata wauta a lokacin. A jikin kafireta akwai ɗan sukurun da ke auna man da inji zai sha idan an danna totur har ƙarshe. In ka ɗaure shi, mai ya ragu, sai inji ya kama wani siririn ihu, sarƙa na gudu kamar za ta tashi sama. A wurinmu wannan ihun shi ne ƙarfi. Manoma ma da kunne suke zaɓen mai yanka, wanda aka jiyo injinsa daga ƙauyen gaba shi ake kira. Mijinyawa kuwa in ya gyara inji sai ka ji yana wani gurnani kamar mai mura, shi ya sa muke gudun rumfarsa.

A tamanin da tara na sayi nawa, kwance, na ɗaure masa sukuru kamar kowa. A casa'in da biyu aka ce ƙauyenmu na bakin kogin Challawa zai tashi, ruwan dam zai cinye shi. Kowa ya koma tudu. Na yi wa mahaifiyata, Inna Tasalla, gini a can, saura rufi. Sai ta kafe. Akwai giginyoyi bakwai a bayan tsohon gidanmu, na marigayi mahaifina, ta ce ba za ta kwana ƙarƙashin azarar kowa ba sai tasu, kuma ƙafarta ba za ta bar gidan ba sai sun riga ta tafiya. Wanda ya san Inna ya san ba a mayar mata da magana. Ga damina ta kawo kai, ruwa ya fara hawowa ta fadama.

Giginya ba abin wasa ba ce, ƙarfe ma tsoronta yake. Ina tsakiyar ta farko injina ya yi zafi har yana ƙauri, ya mutu. Na ja igiya har kafaɗata ta ƙage, ya tashi, ya sake mutuwa. Satin da ya wuce na abokin aikina Shitu ya buga gaba ɗaya, ba wani injin a kusa. Tsoro ya kama ni sosai. Na ɗaure shi a bayan keke na nufi rumfar da na sha zagi a bayan ido.

"Salamu alaikum, Bappa. Injina ne..."

"Wa alaikumus salam, Halliru. Ina gajiya? Ina labarin tashi? Yaya jikin Inna?"

Wallahi kamar in fasa ihu. Na amsa dai, har da lafiyar awaki.

Sannan ya kwance fulogi ya nuna min bakinsa, fari fat kamar toka.

"Ka ga wannan? Yunwa kake gana masa. Ya kamata ya zama ruwan ƙasa."

Ya leƙa ciki ya ce fistin bai kai ga lalacewa ba, Allah ya rufa asiri. Ya wanke matatar iska, ya zubar da man tankin ya haɗa sabo da hannunsa, ya ja sarƙa daidai. Ya tayar da injin ya bar shi ya ɗumama, shi kuma ya koma shan furarsa. Sai da ya ga dama ya tashi. Ya daidaita shi a silo, ba a danna totur ba, har sarƙa ta daina motsi, sannan ya ce in riƙe da kyau in danna totur. Ya rufe ido, ya karkata kai, yana sassauta sukurun kaɗan-kaɗan. Ihun da nake taƙama da shi ya dushe, gurnanin nan ya shigo. Ya ɗaga hannu, na saki.

"Bappa, ai ka kashe masa ƙarfi! Giginya fa zan yanka, ba rama ba."

"Mu a ruga in ana tatsa, ba ma tatsewa tas, muna bar wa maraƙi nasa. In ba a bar masa ba, baɗi ba saniya. Wannan gurnanin da kake ji, ɗan man da na bar masa ne, shi ke sanyaya cikinsa. Sa shi a icen can ka ji."

Na ɗora shi a kan wani kututturen maɗaci. Sarƙa na kama itace gurnanin ya ɗauke, murya ta washe, injin ya nutse ciki ba tangarɗa. Ina ɗagowa gurnanin ya dawo. Kunya ta rufe ni.

"Haka za ka riƙa saurarensa," in ji shi. "A iska ya yi gurnani, a itace ya washe. Ranar da ka ji ihu a iska, kashe shi ka zo. Kuma kada ka taɓa sukurun nan, ko Shitu ya yi maka dariya."

Shitu kuwa ya yi dariyar, har ya ce in kai injin asibiti a duba masa maƙogwaro. Kwana tara na yi ina yanka da tsagawa, injin bai mutu ko sau ɗaya ba. Ta bakwai, wadda ke can ƙasa bakin rijiya, ruwa na taɓa idon sawuna na kayar da ita. Washegari Inna ta ɗaure tukwanenta, ta hau amalanke bayan azara ta ƙarshe, ba ta waiwaya ba.

Daga wannan shekarar masu yanka suka fara layi a rumfar Mijinyawa, har daga Rogo Ruma. Shitu da ya sami wani injin shi ne kan gaba, ba kunya. Kafin ƙarshen shekarun casa'in Mijinyawa ya mayar da shanu huɗu ruga, amma bai rufe rumfa ba, bai kuma rage tsawon gaisuwa ba.

A waccan shekarar da muka tashi, ranar da aka gama rufi na gayyato shi. Inna ta shimfiɗa masa tabarma a sabon ɗakin, ta kawo fura. Can ta ɗaga kai tana nuna azarori da yatsa.

"Waccan ta bayan rumbu ce. Wannan mai duhun ta bakin rijiya ce, a gindinta marigayi Malam yake alwala."

Ta goge ido da gefen zane.

"Malam Mijinyawa, Allah ya mayar maka da garkenka. Kai ka kawo min gidana tudu."