Ranar da na saki ƙafar Inna

Lokacin da aka ba mu jiha, ina cikin matasan ma'aikatan da aka kwaso daga Sakkwato aka sauke a Birnin Kebbi, ko teburin kirki ba mu da shi. Aikina safiyo ne, wato awon filaye. Da tef da na'urar hange muka yanka unguwanni da dama a garin nan tun suna gonakin gero, kuma ba zan ɓoye ba, ina ji da kaina. A wurina aiki iri biyu ne, wanda aka auna da wanda aka yi da ka. Duk wanda ya nuna mini iyakar gonarsa da leɓe ya ce kamar nan ne, kallon banza nake yi masa. Abokan aiki har tsokanata suke yi, wai ko tuwo aka kawo mini sai na sa masa tef kafin in kai loma. Na fara da wannan ne don mai karatu ya san irin mutumin da ya tafka kuskuren da zan faɗa, domin ba rashin sani ne ya sa ni ba.

Ni ne ɗan fari a wurin mahaifiyata, Inna, wadda ke zaune a Gulma. Wanda ya san gidajenmu ya san abin da hakan ke nufi. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, in za ta yi zancena sai ta ce mutumin Birni. In na je gaisuwa daga bakin ƙofa nake durƙusawa, ta amsa tana kallon wani gefe. Ban taɓa cin abinci a gabanta ba, ban kuma tuna ranar da hannuna ya taɓa jikinta ba, don tun daga yaye kakata ce ta riƙe ni. Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, kuma na san duk shekara in ta yi gumin shinkafa buhuna take fara ɗaurewa. Ƙanwata da ke aure a Ambursa ita ce bakinmu. Abin da Inna ke so in sani ita take gaya wa, ni ma ta wurinta nake mayar da amsa.

A shekarun farko na jihar, wata rana da kaka, Inna ta kai wa masu yankan shinkafa abinci, ta zame a gaɓar fadama, gwiwarta ta dama ta gurɗe. Kafin labari ya iso mini an kira mai ɗori ya yi aikinsa. Ƙafa ta warke amma a ɗan karkace, ni kuwa na samu abin faɗa, shekara da shekaru ina zagin aikin kintace. Ita dai ta ci gaba da tsugunno a gindin tukunyar gumi har gwiwar ta cinye kanta. Tafiya ta zama da sanda, daga baya durƙuso ya gagara, aka kawo mata kujerar roba ta riƙa salla a kai. Malamai sun gaya mata sallarta ta yi, ta kuma yarda, amma zuciyarta ba ta kwanta ba. Ta naɗe buzun sallarta ta ɗora a kan kwanuka, ta ce wa ƙanwata ita ciwon bai dame ta ba kamar yadda goshinta ya manta ƙasa, kuma ba ta son ta koma ga Allah a haka.

Sai da na kusa ajiye aiki na ga bidiyo a waya, ana nuna yadda ake sauya gwiwa da taimakon na'ura mai hannu, wadda mutane ke kira mutum-mutumi. Ana ɗaukar hoton ƙashin, kwamfuta ta zana inda za a yanke, hannun na'urar kuma ya hana zarto wuce layin da aka shata. Ina gani na ji kamar an yi domina. Ga safiyo a cikin tiyata! Na tara 'yan'uwa na yi ta zuba, na ce wannan ba ta kuskure ko da kaurin gashi, na ce abin da mai ɗori ya ɓata da ka, awo zai gyara. Wani kawunmu na Argungu ya ce a bi a hankali, a tambayi yadda jinyar take bayan an dawo. Na ce masa wannan ba zancen kamun kifi ba ne. Har yau ina jin nauyin wannan maganar.

Ni na raka ta ƙasar waje, don ni ne muharraminta, ni ne kuma mai Turanci. Likitan mutumin kirki ne, bai yi mana daɗin baki ba. Ya nuna mini zanen a fuskar kwamfuta, ya ce na'urar tana taimaka masa ya zaunar da ƙarfen daidai, iyakar aikinta ke nan. Ya ce sauran rabin aikin yana hannunmu. A makonnin farko dole a riƙa lanƙwasa gwiwar kullum, ko da zafi, in ba haka ba naman da ke kewaye zai manne ya daskare. Ya ƙara da cewa bai yi alkawarin sujada ba, wasu suna kai wa gare ta, wasu ba sa kai wa, amma wanda bai lanƙwasa ba babu ma zancen. Inna ta tambaya, tana kallon bango, me ya ce. Na ce ya ce na'urar ba ta kuskure, kuma in Allah ya so za ta kai goshinta ƙasa. Sauran maganar na haɗiye ta, don a raina abin da aka auna daidai ba ya buƙatar wani ya tsaya yana murɗa shi.

An yi aiki lafiya. Akwai wata mata mai gashin ƙashi da ke zuwa kullum da hantsi ta lanƙwasa ƙafar, ni kuwa da ta shigo sai in fice in tsaya a baranda, don ba zan iya kallon ƙafar Inna a buɗe ba. Ranar da za a sallame mu matar ta tare ni ta ce yau babu inda zan je, sai na koya. Ta nuna inda zan sa hannu ɗaya a ƙarƙashin cinya, ɗaya a idon sawu, in tura a hankali har inda zafi ya fara, in ɗan riƙe a nan. Ta nuna wa Inna ma da hannu, ta ɗaga yatsu tana kwatanta safe da rana da yamma. Na yi ta gyaɗa kai idona a ƙasa. Ta ba ni takarda mai hotuna, na ninke na sa a aljihun jaka.

Muka sauka a gidana a Gwadangaji. Washegari da safe na yi ta maza na shiga ɗakin da aka ba ta. Na ce likita ya ce a motsa ƙafar. Sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta gyara zane ta miƙo ƙafar. Na sa hannu na kama. Ƙafar da ɗumi, a kumbure, ga ɗinki dogo, kuma ba ta da nauyin da na zata. Na tura kamar yadda aka koya mini. Da aka kai inda zafin yake, sai Inna ta yi ƙara ta kira sunana. Sunana na yanka, cikakke, wanda shekara hamsin da ɗoriya bai fito daga bakinta ba. Ban san lokacin da na saki ƙafar ba. Na miƙe na fita, na shiga mota na tafi ofis, na wuni ban iya duba takarda ko ɗaya ba. Kunya ta kama ni, tausayi ya kama ni, na ji kamar na yi wa uwata tsirara a kasuwa.

Ban sake komawa ba. Kullum da safe sai in durƙusa daga bakin ƙofa in gaishe ta, in tarar da ita zaune a bakin gado, in wuce. Na gaya wa kaina ba ta so, na gaya wa kaina na'ura ta riga ta gama komai, ƙafa za ta saki da kanta. Ban nuna wa maiɗakina takardar ba, don suruka ma kunyar ce a tsakaninsu. Ban gaya wa ƙanwata ba, don in na faɗa dole in faɗi abin da ya faru a ɗakin, dole kuma in yarda cewa na'urar da na cika gari da yabonta ta bar saura. Akwai masu gashin ƙashi a Birnin Kebbi, tafiyar Keke ce daga gidana, ban nemi ko ɗaya ba. Bayan mako guda Inna ta aiko ƙanwata ta ce a mayar da ita Gulma.

A Gulma aka yi mata jinya irin tamu, jinyar ƙauna. Aka shimfiɗe ta a gado, 'yan dubiya daga Argungu da ƙauyuka suna ta shigowa da fura da kifi, duk wanda ya ga ta yunƙura sai ya ce ta kwanta kada ƙarfen ya goce. Ko buta ba a bari ta ɗauka. Likitan ya aiko saƙo a waya yana tambayar iya inda gwiwar ke lanƙwasuwa. Ni da ban taɓa rubuta awon da ban yi ba a duk shekarun aikina, ni da na sha korar masu son in matsar musu da iyaka taku ɗaya, na zauna na rubuta masa abin da ban auna ba. Ya yi murna, ya ce mu ci gaba.

Sai da watanni suka shuɗe, har an sake yankan shinkafa, muka yarda cewa ƙafar ba za ta saki ba. Ta miƙe sambal kamar taɓarya. Muka kawo ta wurin wani likitan ƙashi a Birnin Kebbi. Ya ɗaga hoton gwiwar ya daɗe yana kallo, ya ce aikin ya yi kyau, ƙarfen ya zauna inda ya kamata, babu abin da zai ce a kai. Sannan ya kama ƙafar ya gwada, ya juyo ya tambayi wanda ke lanƙwasa mata. Na sunkuyar da kai. Ya ce da da wuri muka zo, da an sa ta barci an lanƙwasa, amma yanzu nama ya riga ya kama, sai dai wata tiyatar, kuma shekarunta da zuciyarta ba lallai su ɗauka ba. Da muka sauke Inna a gida, ƙanwata ta biyo ni. A zaure ta tare ni tana kuka, ta ce: "Yaya, don mi ba ka hwaɗa mini ba? Ni ka yi mata wanka, ƙahwarta za ta gagare ni?" 

Kafin aikin Inna tana iya zama a kujera ta sunkuya. Bayansa sai an tokare mata ƙafar da turmi a gaba kafin ta yi salla. A gari aka yi ta cewa mutum-mutumin Turawa ya lalata mata ƙafa, har wasu da ke shirin kai iyayensu suka fasa. Ina ji, na yi shiru, na bar na'ura ta ɗauki laifina. Inna kuma ba ta taɓa tona ni ba. In an tambaye ta sai ta ce haka Allah ya so, mutumin Birni ya yi iya ƙoƙarinsa. Shekara biyu ta yi a haka, Allah ya karɓi abarsa, goshinta bai taɓa ƙasa ba.

Bayan an share makoki ƙanwata ta sauko da buzun daga kan kwanuka ta miƙo mini, ta ce akwai maganar da Inna ta hana ta faɗa tana da rai. Ashe Inna ta gane duk abin da matar asibiti ta kwatanta da yatsu. Ashe makon nan da ta yi a gidana, zaman da nake tarar da ita tana yi a bakin gado jirana take yi. Tun da sassafe take gyara zane, ta ajiye mayafi kusa, ta ƙi karya kumallo sai ta ji tashin motata. Ta ce wa ƙanwata zafi ne ya fizge sunan daga bakinta, ba don in saki ba ne, kuma ta yi niyyar ta cije mayafi in na dawo. Amma ta yaya za ta buɗe baki ta kira ɗan fari ya zo ya kama mata ƙafa? Ta zaci ƙyama nake yi, shi ya sa ta nemi a mayar da ita gida.

Ban rubuto wannan don in ɓata aikin na'ura ba, ta yi abin da aka ce za ta yi. Ban kuma ce a zubar da kunya ba, da ita aka raine mu. Abin da nake roƙon duk wanda zai kai tsohonsa irin wannan aiki shi ne, kafin a shiga ɗakin tiyata ya san hannun wa zai lanƙwasa ƙafar in an dawo gida. In kai ba za ka iya ba, faɗi tun da wuri, a koya wa wadda za ta iya, ko a nemo mai gashin ƙashi. In kai ne tafinta tsakanin likita da mara lafiya, faɗi maganar duka, har da wadda ba ta yi maka daɗi ba. Buzun yana wurina, amma har yanzu ban iya shimfiɗa shi ba. Gwiwoyina lafiya lau suke, sau biyar a rana suna kai ni ƙasa ba tare da na roƙe su ba, kuma duk sanda goshina ya taɓa ƙasa sai na ji muryarta. Sau ɗaya tak Inna ta kira sunana a duniya, ni kuwa na tashi na fita.