Mika'ilu Amkomin, Telan Wunti

A shekarar 1976, da Bauchi ta zama babban birnin jiha, ma'aikata suka yi ta kwararowa gari da akwatunansu da Turancinsu. A cikinsu akwai Elias, wani siririn akawu daga Bogoro. 'Yan mishan ne suka koya masa Turanci, kuma sun koya masa da kyau, har ya zama ba ya iya jin kuskure ya kawar da kai. Wandonsa na ofis ne ya yage a gwiwa, aka nuna masa shagon wani tela a Wunti mai suna Mika'ilu. Nan suka fara haɗuwa.

Mika'ilu ɗan Ƙofar Wambai ne. Ya sauke Alƙur'ani, amma bai taɓa zama a ajin boko ba. Turancinsa tsintowa yake yi daga bakin masu kawo ɗinki, sauran kuma ya ɗinka da kansa. Sai ya ɗauki maganar Hausa ya zura mata rigar Turanci, ko ta yi mata daidai ko ta matse ta. "Sannu da aiki" ta zama "wel don". "Yaya jiki" ta zama "haw is yo bodi". Wadda ta fi zama a bakinsa ita ce "ina zuwa", wadda ya mayar "am komin". Da ita yake sulalewa ta ƙofar baya duk ranar da mai kaya ya zo bai gama masa ba. Shi ya sa Wunti kaf ake kiransa Amkomin.

Ranar da Elias ya koma karɓar wandonsa, ita aka yi masa.

"Tsaya, Tela," in ji Elias. "Ka ce kana zuwa, ga shi bayanka nake gani. A Turanci mai zuwa fuskarsa ake gani."

"Akawu, ai ba a dawowa sai an tafi."

"To ka ce za ka dawo."

"Wannan ya yi tsawo. Kafin in gama faɗa mai kaya ya riƙe ni."

Daga ranar Elias ya ɗaura aniyar gyara bakin mutumin nan. Kullum ya tashi daga ofis sai ya biyo ta shagon, ya zauna a benci, ya yi ta bayani. "Wel don" yabo ne, sai an gama aiki ake faɗa. Ba a tambayar Bature jikinsa, balle matarsa. Mika'ilu yana taka keke yana gyaɗa kai, in an gama ya ɗago ya ce, "Wel don, Akawu." Liatu, matar Elias, takan ce mijinta ya samu ɗalibi guda a duniya, shi ma ba ya ci gaba.

Ana haka sai wata Baturiya, shugabar wata makarantar 'yan mata, ta ba Mika'ilu kwangilar kayan makaranta, da sharaɗin ya fara ɗinka samfur ta gani. Don murna ya sallami ƙananan masu kawo masa ɗinki, ya sayo keke na biyu, ya shaida wa matarsa Sauda cewa wahala ta ƙare. Samfurin kuwa ko yankawa bai yi ba.

Wata safiya ya ɗaga kai ya ga Baturiya a bakin shago. Ya goge mata benci da hularsa, ya yi murmushi, ya ce, "Madam, am komin." Ya shige ta labule, ya haye kekensa na hawa, sai Miri, inda ake sunan ɗan ƙaninsa. A lissafinsa za ta ɗan jira ta gaji ta tafi, kamar kowa. Ita kuwa a Turancin garinsu, wanda ya ce haka yana bayan labule ne, yanzu zai fito. Ta zauna. Rana ta take, kwanon shago ya ɗau zafi, tana nan. Sai bayan azahar ya dawo, da ƙunshin naman suna a aljihu, ya same ta ta yi jajir, gumi ya jiƙa mata riga. Tausayi ya kama shi, ya nemi gaisuwar da ta dace.

"Wel don, Madam," ya ce. "Haw is yo bodi?"

Maƙwabta sun ce ba su taɓa jin Turanci mai sauri irin na ranar ba. Abin da Mika'ilu ya tsinta a ciki kawai shi ne kwangila ta tashi.

Da yamma Elias ya iske shi ya haɗa kai da gwiwa, kekuna biyu a rufe. Ya ji labari, ya buɗe baki zai ce ai na gaya maka, sai ya rufe. Washegari ya sa kwat ɗinsa ya raka shi makarantar.

Baturiya ta ji Turancin Elias, ta saki fuska kaɗan. Ta ce tunda shi ya san harshen, ya faɗa mata gaskiya: abin da telan nan ya yi, ba ƙarya da rashin kunya ba ne?

Elias ya gyara wuyan kwat. Ya ce a Bauchi mutum ba ya ce wa baƙonsa "na tafi", don wulaƙanci ne, sai dai ya ambaci dawowarsa. Ya tambaye ta ko telan ya dawo. Ta ce ya dawo. Ya ce to ai bai yi ƙarya ba, zuwan ne ya biyo ta Miri. Tambayar jiki kuma gaisuwa ce ga wanda ya sha wahala.

"Wato kana nufin Turancinsa daidai ne?" in ji ta.

Mika'ilu bai gane tambayar ba, amma ya ga Elias ya sake gyara wuyan kwat.

"Daidai ne," in ji Elias. "A Bauchi."

Ta dube su, ta fashe da dariya. Ta ce samfur ya iso gobe. Da ta miƙe za ta shiga aji, ta waiwayo daga bakin ƙofa ta ce musu ita ma "am komin".

A hanya, da suka kusa Wunti, Elias ya dubi Mika'ilu. "Yau na ci amanar malamaina saboda siket," ya ce. Mika'ilu kuwa ko godiya bai yi ba. Kwangila ta zauna, shago ya bunƙasa, kuma daga ranar duk wanda ya yi masa gyara sai ya ce, "Je ka tambayi Akawu. Da bakinsa ya ce daidai ne, a gaban Baturiya."

Shekaru suka ja. Elias ya yi ritaya, Liatu ta rasu, 'yarsu Roda tana aure a Jos. Sannan yanar ido ta rufe masa gani, titin Wunti kuma ya cika da babura da Keke Napep. Lahadi bayan Lahadi yana zaune a gida da kwat ɗinsa a jiki, ba mai kai shi coci, shi kuma ba ya roƙo.

Wata Lahadi ya ji murya daga ƙofar gida: "Akawu! Am komin!" Sai ga takun mutum yana matsowa, har hannu ya kama gwiwar hannunsa.

"Tela," in ji Elias, "yau ka faɗe ta daidai."

"Kuskure ne. Zan gyara."

Ya ratsa da shi cikin babura har bakin coci, ya danƙa shi ga mai tsaron ƙofa, ya ce "am komin", ya juya. Elias ya san ma'anar kalmar a bakin mutumin nan, don haka rabin wa'azin ya wuce shi yana tunanin yadda zai koma gida. Da aka tashi, bai gama sauka daga matakala ba ya ji hannu a gwiwar hannunsa.

Haka suka yi har ƙarshen rayuwar Elias. Mai shayin da ke tsallaken cocin ya ce tsohon telan bai taɓa wuce bencinsa ba. Nan yake zama da carbinsa, ido a kan ƙofa, duk wanda ya fito da tsintsiya ko ya shiga da kujera ya ce masa, "Wel don."