Fassarar da Na Yi Gaban Kawu

Shekarar da na fara koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, a Madarumfa, gidan kawuna na sauka, yayan mahaifiyata. Tsohon soja ne. Da ya bar aiki sai ya kama garka a bakin tabki yana noman albasa da tumatir, kuma ba ya zancen soja da kowa.

Wata Lahadi bayan la'asar, maƙwabcinmu mai shago ya fito da tele ƙarƙashin rumfa, ya sa wani fim na yaƙin Turawa. Da Faransanci ake magana a ciki, sai ya ƙwala mini kira: "Mushe, zo ka fassara mana!" Haka ake kiran malamin lakwal a can. Aka ba ni kujera a gaba, na zauna ina jin kaina.

Labarin wani soja ne da ragon rundunarsu. Sun ɗauki ragon nan kamar ɗan gida, sun rataya mishi ƙyalle a wuya, shi ke shiga gaba in za a yi fareti. Sojan ne ke ba shi abinci, tare suke kwana cikin rami. Da farko gaskiya nake fassarawa. Sai na lura duk lokacin da na ƙara nawa, rumfar na ɗaukar dariya, ni kuwa dariyar ta yi mini daɗi.

Abokan sojan suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Can wajen ƙarshe harsashi ya sami ragon. Sojan ya ɗora kan ragon bisa cinya, yana mishi magana yana kuka.

Mai shago ya ce, "Me yake cewa, mushe?"

Na ce, "Cewa yake, haba rago, ka mutu ba yanka, ga layya saura kwana uku!"

Aka fashe da dariya, har wani masunci ya sulluɓo daga benci. Ana cikin haka na ji murya bayana.

"Ba haka ya ce ba."

Kawu ne, ya dawo daga garka, kwando a kafaɗa, ƙafafunsa duk laka. Ban san tun yaushe yake tsaye ba.

"Cewa ya yi, kai kaɗai ka rage cikin waɗanda suka san abokaina. In ka tafi, gaban wa zan riƙa kiran sunayensu?"

Ya ɗan tsaya yana kallon telen, sannan ya ce, ba da kowa ba, "Mu jaki ne gare mu, can arewa. Shi ke ɗauko mana ruwa." Ya shige gida.

Har fim ya ƙare ba wanda ya sake tambayata komai. Na rasa inda zan sa idona.

Washegari kafin lakwal na bi shi garka. Na durƙusa na ce, "Kawu, jiya na yi wauta, ka yafe mini."

Bai ɗago daga albasar da yake cira ba. Ya ce, "Ɗana, mutanen nan ba su jin Faransanci, da kunnenka suke ji. Riƙe mini tiyon nan."

Na riƙe ina ba tumatir ruwa har na kusa makara. Na so in tambaye shi abin da ya sami jakin, kunya ta hana ni. Shekara biyu na ƙara a gidansa, ban taɓa tambaya ba.